An Rage wa Bindigar Ɗiyata Tsawo

Ɗiyata ta fari tana zaune a Bron, gefen Lyon. Can ta yi karatu, can kuma ta samu aiki a ɗakin awon jini na wata likita. Ni da mahaifinta muna Stains, ina da ɗan shagon atamfa da shadda a cikin Paris. Ba na kiran sunanta, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu ba. In zan yi mata magana sai in ce "ke", ita kuma ta saba tun tana ƙarama.

Wata shekara da sanyi ya fara ja da baya na hau jirgin ƙasa na je ganinta, da kilishi da yaji da kuka cike da jaka. Ina neman inda zan rataye kayana na buɗe kabad ɗin ɗakinta, sai na ga wani dogon akwatin ƙarfe a tsaye bayan riguna. Na tura shi bai motsa ba, ashe an ɗaure shi da bango.

Na ce, "Ke, zinariya kika fara tarawa ba mu sani ba?"

Ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta yi irin dariyar da take yi in an kama ta. Ta ce, "Inna, zauna tukuna."

Na zauna bakin gado. Ta wanke hannu, ta buɗe akwatin, ta fito da bindiga. Baƙa ce, doguwa, da ɗan kwaɗo a kulle a jikin kunamarta. Kafin ta ce komai ta juya bakinta wajen bango, ta ja wani ƙarfe baya, ta nuna mini cikinta babu harsashi.

Salati na fara yi. Abin da ya zo mini shi ne polis. Baƙar mace mai ɗankwali, da bindiga a ɗaki, a wannan ƙasa. Na ce mata ko so take a ga hotonmu a telebijin.

Ta zauna kusa da ni ta yi mini bayani a hankali, rabi Hausa rabi Faransanci. Wata abokiyar aikinta ce ta kai ta filin harbi wata Asabar, ta gwada, abin ya shiga ranta. Ta shiga ƙungiyarsu, ta daɗe tana harbi da bindigar ƙungiya. Likita ya duba ta, hukuma ta bincike ta, ta yi ta jira kafin a ba ta izinin sayen tata. Akwatin ma doka ce ta ce a saya. Ba farauta suke yi ba, faranti ne na ƙarfe ake jerawa nesa, mutum ya tsaya ya harbe su ɗaya bayan ɗaya da sauri.

Ta ce, "Duk mako kaina cike yake da kwalabe da sunayen marasa lafiya. In na tsaya can, sai kan ya yi shiru."

A lokacin tsoron ya riga ya fara sauka, wani abu daban ya taso mini. Mahaifina maharbi ne a ƙauyenmu gabas da Damagaram. Yana da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an naɗe gindinta da jar fata da layu. Tana rataye a ɗakinsa, kuma mace ba ta taɓa ta. Na yi ƙuruciyata ina leƙe daga bakin ƙofa ina kallon yadda yake zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da siririn ƙarfe. Na ci zabi da fakara da ta kashe ba adadi, amma ban taɓa sanin nauyinta ba.

Na ce, "Ana iya taɓawa?"

Ta ɗora mini ita a hannu biyu. Ba ta kai nauyin da na zata ba, sai dai gabanta yana jan hannu ƙasa, kamar an ɗaura mata dutse a hanci. Na faɗa mata haka.

Ta ce, "To, ai matsalar ke nan."

Ita gajera ce kamar ni, hannuwanta ma gajeru. In ta juya daga faranti zuwa faranti, nauyin bututun yana wuce da ita gaba, sai ta dawo da shi, kafin ta gama hannun hagu ya gaji yana rawa. Don haka ta yi alkawari da maƙerin bindiga, wanda suke ce wa armuriye, washegari za ta kai masa ya sa mata bututu gajere.

Wannan ya fi ganin bindigar kanta ba ni mamaki. Mahaifina kullum cewa yake tsawon bindiga shi ne ƙarfinta, doguwa ita ke kai nesa kuma ita ke tafiya sak. In ya ga gajerun bindigogin masu gadin kantoma sai ya taɓe baki. Yanzu ga jikarsa za ta kai tata a rage mata tsawo da gangan.

Na ce, "A garinmu da maƙeri ya sa zarto ya yanke kafin a sauke tuwo."

Ta zaro ido. "Inna, wanda ya yi haka a nan kaso zai kwana. Ba mai gyara ta sai wanda hukuma ta ba izini."

Na ce to, da ni za a je.

Shagon yana bayan gari, tsakanin wani garejin motoci da gidan sayar da fenti. Sai an danna ƙararrawa ake buɗe ƙofa. Armuriyen dattijo ne mai farin gashi, tabarau na rataye a wuyansa da igiya, jikinsa duk warin man ƙarfe. Ya dubi ɗankwalina, na dubi bindigogin da ke jere bayansa, ya ce bonjur Madam, na amsa. Sai da ya duba takardun ɗiyata ya gwada su da abin da ke cikin kwamfutarsa kafin ya yarda a buɗe jakar bindigar.

Ya sa ta ɗora ta a kafaɗa. Ya nuna mata gwangwanaye biyu a kan kantar shagon, ya ce ta auna wannan, ta koma wancan, ta sake dawowa. Shi bai kalli gwangwanayen ba, gwiwar hannunta yake kallo. Daga nan ya karɓi bindigar ya ɗora ta a kan yatsunsa biyu, yana matsar da su har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. Wurin da ta tsaya yana can gaba da inda hannun ɗiyata yake kaiwa. Wannan ban nemi a fassara mini ba. Duk wadda ta taɓa ɗaukar dami a ka ta san in ba a samu tsakiyarsa ba wuya ke biya.

Ya ce ba yankewa zai yi ba. Zai cire wannan bututun ya sa wani da aka ƙera gajere tun daga masana'anta. Doka tana da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita, kuma sabon sai an rubuta shi da sunanta, an kai bindigar inda hukuma ke gwada su, an buga mata hatimi, kafin ta dawo hannunta.

Faransancina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki da faɗa da mai kawo kaya. Da shi na ce, "Mushe," wato malam a bakinsu, "in an rage ta, ba ƙarfinta aka rage ba?"

Ɗiyata ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Inna, aiki yake." Amma mutumin ya riga ya sa tabaransa. Ya ɗauko wani bututu da ke ajiye shi kaɗai, ya miƙo mini, ya ce in ɗaga shi wajen fitila in leƙa. Na leƙa. Na zaci zan ga rami sumul kamar na famfo, sai na ga waɗansu siraran layuka suna murɗawa daga wannan baki zuwa wancan, suna ƙyalli, kamar igiyar da aka tuƙa da kyau. Na daɗe ina kallo. Ya ce su ke sa harsashi ya fita yana juyawa, juyawar kuma ita ke hana shi karkacewa. Na ce wa ɗiyata da Hausa, "Katantanwa ke nan. In tana juyi ba ta faɗuwa." Ta fassara masa, da yadda yara ke murza ta a ƙasa, ya ce haka ne daidai.

Sai na ce ta faɗa masa maganar mahaifina. Nan labari ya juye, shi ya koma mai tambaya. Yaya tsawonta? Na nuna masa da hannu, in an kafa gindinta ƙasa tana kai wa namiji haɓa. Wa ya ƙera ta? Maƙerin ƙauyen da ke kusa da mu. Da me take kama wuta? Na rufe ido na tuno mahaifina yana kankare kan ashana a tafin hannunsa. Dattijon ya buga kantar shagon da hannu don daɗi, ya shige ciki, ya fito da wata tsohuwar bindiga doguwa siririya, ya ce ta kakan kakan wani ce, shi ma ta baki ake ɗura mata. Ba ta da layu, amma ina ganinta na gane ta. Ƴar'uwar tamu ce sak.

Ya ce, "Mahaifinki bai yi kuskure ba, Madam. Irin albarushinsa a hankali yake ci, yana son doguwar hanya kafin ya gama tura abin da ke gabansa. Kuma dogon bututu yana taimakon ido wajen auna abu."

Ya ɗauko harsashin bindigar ɗiyata ya ɗora a tafin hannuna. Ɗan ƙarami ne, bai kai ƙaramin yatsana ba. Ya ce wannan yana gama aikinsa tun bai yi nisa cikin bututun ba, sauran tsawon rakiya ce kawai. Ido kuma, ita tana da ɗan gilashi a saman bindigar mai jan ɗigo a ciki, da shi take aunawa. Amma ya gargaɗe ta da abu biyu, ƙara za ta ƙaru, kuma da farko harbinta zai lalace. Ta ce ta ji. Na ga a fuskarta ba ta yarda da na biyun ba.

Na koma Paris da abin a raina. Ina auna yadi ina tuno layukan nan masu murɗawa. Ban faɗa wa kowa a shago ba, don akwai wata Hajiya mai zuwa daga Montreuil da in ta ji abu da safe, kafin la'asar ya isa Maraɗi. Amma na ga bai kamata in ɓoye wa mai gidan ba. Na jira ya ci abinci ya sha shayi, na gyara zama, na ce, "Alhaji, akwai maganar yarinyar nan da nake so ka ji, amma ka yi haƙuri."

Ya saurara har na gama, yana juya cokali a kofi. Ya ce, "Ai na sani. Ni na taya ta ɗaure akwatin da bango."

Na ce, "Ka sani?"

"Ita ta ce kada a faɗa miki, wai za ki tsorata."

Wannan ya ƙona mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Shi ɗan fatake ne, a gidansu ko baka ba a taɓa ratayewa ba. Ni da na tashi da warin albarushi a hanci, ni ce aka ɓoye wa. Ya ce to ba ki tsorata ɗin ba? Na kwashe kwanuka na bar masa wurin, don gaskiya na tsorata.

Bayan ƴan makonni ɗiyata ta kira ta ce bindiga ta dawo, Asabar za ta gwada. Ba ta ce in zo ba, ni ma ban ce zan zo ba. Na bar shagon a hannun maƙwabciyata na hau jirgi.

Da ta fito da ita daga akwatin sai na ga kamar yaron da aka yi wa aski, shi ne amma ba shi ba. Abin da aka rage bai fi ɗani guda ba. Na ɗauke ta, hancin nan mai jan hannu ya tafi, nauyin ya dawo kusa da ƙirji.

Filin harbin yana cikin wani kwari bayan gonaki, da tudun ƙasa a ƙarshensa da rumfa a bakinsa. Na zaci zan tarar da ƙattai masu kama da soja. Tsofaffi ne yawanci, da wata mata mai kama da malamar makaranta, da wani mai kiwon kudan zuma da ya kawo kwalaben zuma yana rabawa. Sun san ɗiyata, suna tsokanarta a kan sabon bututun. Aka ba ni tabarau da abin toshe kunne, na ɗora shi bisa ɗankwali. Wani dattijo mai jan hula shi ke kula da filin, ba mai ɗaga bindiga sai ya ce, in kuma ya ce a tsaya kowa ya ajiye.

Da layi ya zo kanta ta tsaya, ta sa gidan harsashi, dattijon ya ba ta izini. A nan na ga abin da ta yi ta faɗa mini ban gane ba. Bindigar mahaifina in ta yi magana sau ɗaya sai an zauna an sake ɗura mata. Wannan kuwa da ta harba sai ta tofar da kwanson harsashin ta gefe ta ɗora wa kanta wani, mutum ya sake jan kunama kawai. Kwansunan suna ta tsalle suna faɗuwa a siminti. Ɗaya ya gangaro har gaban takalmina, na sunkuya zan ɗauka, dattijon ya ɗaga mini yatsa, na miƙe.

Farantan kuwa suna nan tsaye. Ta samu na farko, sauran ƙura kawai take tashi a bayansu. Hannunta ya saba turo nauyin da babu shi yanzu, sai bakin bindigar ya riƙa fizgewa ya wuce. Ta sake, haka. Ta sake, har na farkon ma ya kuɓuce mata. Ta cire gidan harsashi, ta nuna wa dattijon cikinta, ta ajiye, ta zo ta zauna kusa da ni a benci tana huci.

Ta ce, "Na ɓata bindigata."

Ɗan fari ba a lallashinsa a gaban mutane, ba a kuma yabonsa. Na rasa abin da zan yi da hannuwana. Sai na ba ta labarin almakashina. Na yi shekaru da wani babba mai nauyi da na zo da shi daga gida, da ya karye na sayi na nan, mara nauyi, mai kaifi. Na yi ta yanka yadi a karkace har na fara zagin wanda ya sayar mini. Ashe hannuna ne yake ta danna shi da ƙarfin wancan.

Ta ce, "Sai kika yi yaya?"

Na ce, "Na rage sauri. Masu saye suka yi ta jira suna tsaki."

Ta yi ɗan murmushi. Da layi ya sake zagayowa ta tashi. Wannan karon ta yi a hankali ƙwarai, har mai zumar ya ce ko barci take. Ta auna, ta tsaya, ta harba. Farantin ya girgiza. Ta koma na gaba, shi ma ya girgiza. Ta rasa ɗaya a tsakiya, ta samu na ƙarshe. Ba ta waiwayo ba, amma na ga kafaɗunta sun sauka.

Ina kallo na lura da wani abu. Farantin yana fara girgiza, sai daga baya ƙararsa ta iso, tan. Ɗan tsakanin kaɗan ne, amma yana nan kowane karo. Da aka tsaya hutu na tambayi dattijon mai jan hula. Ya ce ido ya fi kunne saurin samun labari, kamar walƙiya da tsawa. Na ce wannan na sani tun ina yarinya, amma hadari yana can nesa a sama, ban san abin yana faruwa a fili ƙarami kamar wannan ba. Ya ce ko a cikin ɗaki yana faruwa, ba ma ji ne kawai. Ban gama yarda ba, har yau in aka rufe ƙofa nesa da ni sai in tsaya ina saurare.

Shi ne kuma ya ce baƙo yana iya gwadawa in yana tsaye a kansa. Ɗiyata ta dube ni, ta zaci zan ƙi. Na miƙa mata jakata.

Suka zaunar da ni gaban tebur, aka ɗora gaban bindigar a kan jakar yashi. Dattijon ya gyara mini kafaɗa, ya ce kada yatsana ya kusanci kunama sai na shirya. Na sa ido a gilashin, ga jan ɗigon yana yawo a jikin farantin kamar ƙuda, ya ƙi zama. Na yi bisimilla na ja. Na daɗe ina jin labarin yadda bindiga ke harbin kafaɗa, na sha ganin mahaifina yana shafa man shanu a kafaɗarsa. Wannan ɗan taɓi kawai ta yi mini, kamar yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙura ta tashi can sama da farantin. Na sake, ta tashi a gefe. Har harsashin da aka ba ni ya ƙare farantin bai san ina yi ba. Tsofaffin suka tafa mini duk da haka, mai zumar ya ba ni kwalba ɗaya.

A mota muna komawa Bron yunwa ta kama mu, muka tsaya muka sayi burodi, muna tsoma shi cikin zumar da yatsu. Ɗiyata ta ce hannunta na hagu bai yi ciwo ba yau, wannan ne karo na farko. Ta ce za ta ba bututun wata biyu ko uku ta gani. Daga baya ta saba da shi, har saurinta ya wuce na da, amma ranar ba mu san haka ba tukuna.

Muna jiran fitila ta ba mu hanya, taram, jirgin nan na cikin gari, yana wucewa gabanmu, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Inna, za ki sake zuwa?"

Na ce shago ba ya barin mutum, Asabar kuma ita ce ranar ciniki. Na lashe zumar da ke yatsana, na tambaye ta ko suna buɗewa ran Lahadi.